Satar hidima a kotunan Niyok: me ake yi wa wanda aka ba takarda?

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san kan kotun garin nan na Niyok, a Amurka. Ɗan ƙanwata ne, shekararsa 22, 'yan sanda suka tsare shi a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Bronx saboda ya bi bayan wani ta ƙofar gaggawa bai biya ba. Ranar ba ya ɗauke da katin shaida, sai suka tafi da shi ofishinsu, suka ɗauki hoton yatsunsa, suka sallame shi da takarda mai lamba 165.15 da ranar zuwa kotu. Shi cewa yake tara ce kawai kamar yadda aka yi wa abokansa, zai biya ta intanet a wuce wurin. Ni hankalina bai kwanta ba, don girin kad ɗinsa, wato katin izinin zama na dindindin, bai kai shekara uku a hannunsa ba.

Zainab Tafinta:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, ki karɓi takardar ki duba adireshin da ke jiki. Takardun iri-iri ne, kuma mutanenmu suna yawan haɗa su wuri ɗaya.

Idan an rubuta Gallatin Place a Brooklyn, wannan ofishin da ke sauraron ƙarar hukumar sufuri ne, ana ce masa TAB. Ba kotun laifi ba ce, tara ake biya, ba ta shiga tarihin laifin mutum. Ita ce aka ba abokansa. Amma yadda kika ce an kai shi ofis an ɗauki yatsunsa, wannan kamu ne cikakke, kuma takardar hannunsa ita ce DAT, wato an sake ka ka tafi gida bisa sharaɗin za ka kai kanka gaban alƙali ranar da aka rubuta. A Bronx kotun tana kan titi na 161. Ba a biyan wannan ta intanet. Sai ya je da ƙafarsa. Idan bai je ba alƙali zai iya fitar da waranti, kuma duk ranar da ɗan sanda ya sake tambayarsa suna, ko a kan abin da bai kai ya kawo ba, zai iya kwana a tsare.

Alhaji Garba:
Hajiya ki yi haƙuri, amma a bar yaron ya ɗanɗana. Kuɗin jirgi nawa ne? Bai wuce dala 3 ba. Mun shigo ƙasar mutane, sun karɓe mu, 'ya'yanmu kuma su riƙa tsallake shinge ana kallonsu. Ya je ya amsa laifinsa gaban alƙali, ya biya abin da aka yanka masa, gobe ba zai ƙara ba.

Abdul'aziz:
Baba Alhaji, a kan tarbiyya ina bayanka. Amma maganar ya je ya amsa laifi, don Allah kada Hajiya ta bi ta. Ina aiki a ofishin lauyoyi, ni ba lauya ba ne, sai dai irin waɗannan fayil suna wucewa ta hannuna.

Sashe na 165.15 na dokar laifuka ta jihar Niyok shi ne satar hidima. Ƙaramin laifi ne amma na ajin A, wato mafi nauyi a cikin ƙananan. Iyakar hukuncinsa kwana 364 a gidan yari, tara kuma har dala 1,000. Ba a saba ɗaure mutum a kan kuɗin jirgi a karon farko ba, wannan gaskiya ne. Matsalar ita ce sunan laifin. Da zarar ya ce "na aikata", an rubuta masa sata a tarihinsa, kuma hukumar shige da fice tana sa sata cikin laifukan da ta ke kira na rashin ɗa'a.

Ku lura da 364 ɗin nan. A da shekara ɗaya cif ne. A 2019 majalisar jihar ta rage kwana ɗaya tak, kuma saboda baƙi irinmu aka yi. Dokar tarayya ta ce wanda ya aikata laifin rashin ɗa'a cikin shekara biyar da shigowarsa, idan laifin ana iya yanke masa shekara ɗaya ko fiye, za a iya korarsa daga ƙasa, ko da alƙali bai ɗaure shi ko na awa ɗaya ba. Rage kwanan ya toshe wannan ƙofa. Amma akwai ta biyu da ke buɗe: laifi biyu irin wannan a lokuta daban-daban sun isa a kori mai girin kad, komai daɗewarsa a nan. Yaro ya amsa na yau don ya huta, bayan shekara huɗu wani abu ya sake faruwa, an kai biyu.

Alhaji Garba:
To ɗana, ƙarya kake so ya yi wa alƙali? Ya tsallake ko bai tsallake ba?

Abdul'aziz:
A'a Baba. A tsarin kotun nan, cewa "ban amsa ba" a zaman farko yana nufin gwamnati ta kawo hujjarta ne. Ba rantsuwa ake ba shi ba, ba kuma shi zai yi magana ba, lauyansa ne. Alƙalin da kansa ya san haka ake farawa.

Zainab Tafinta:
Bari in faɗa wa Hajiya yadda ranar take tafiya, don tsoron wurin yakan fi abin da ke ciki.

Zai je da safe, ya bi layin bincike a ƙofa, ya nemi ɗakin da aka rubuta. Idan ba shi da kuɗin lauya za a ba shi kyauta, daga Legal Aid Society ko Bronx Defenders ko makamantansu. Lauyan zai kira sunansa a baranda, su yi magana 'yan mintoci. Wannan 'yan mintocin su ne komai. Abu na farko da zai fito daga bakinsa shi ne: ni ba ɗan ƙasa ba ne, girin kad ke gare ni, ga shekarar da na shigo. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2010, shari'ar Padilla da jihar Kentucky, wajibi ne lauya ya gaya wa wanda ba ɗan ƙasa ba idan amsa laifi zai iya jawo masa kora. Amma lauya mai fayil da yawa a hannu ba zai san halinka ba sai ka faɗa. Na ga mutanenmu suna ɓoyewa don suna zaton lauyan na gwamnati ne, zai kai rahoto. Ba haka ba ne, abin da ka gaya masa sirri ne tsakaninku.

A gaban alƙali kuwa sau da yawa ba a wuce minti biyu ko uku. Ga wanda bai taɓa laifi ba, abin da aka fi bayarwa shi ne ACD: a ɗage shari'ar wata shida, idan ba a sake kama shi ba a kore ta a rufe fayil. Ba a amsa laifi a cikinta. Wani lokaci a haɗa da aikin al'umma na kwana ɗaya ko biyu. Idan ba a samu wannan ba, sai a sauko da tuhumar zuwa tayar da hankalin jama'a, sashe na 240.20, wanda a dokar jihar karya ƙa'ida ne, bai kai matsayin laifi ba, sai dai akwai kuɗin kotu dala 120. Wani lokaci kuma za ka je a ce ofishin mai gabatar da ƙara bai shigar da komai ba.

Kuma wanda Turancinsa bai zauna ba ya nemi tafinta. Kyauta ne, haƙƙinsa ne. Kada kunya ta sa mutum ya riƙa gyaɗa kai ga abin da bai fahimta ba.

Hajiya Rabi:
Allah ya saka da alheri Zainab. Na duba, titi na 161 ne. Sai dai yana da niyyar zuwa gida bikin yayarsa nan da wata uku. Zai iya tafiya?

Abdul'aziz:
Hajiya, kada ya sayi tikiti sai lauya ya ce to. A cikin wata shidan ACD shari'ar tana nan a buɗe, kuma yatsun da aka ɗauka za su iya bayyana a filin jirgi ranar dawowa. Ya gaya wa lauyan maganar tafiyar tun a baranda. Sannan ko bayan an rufe fayil, ya karɓi takardar da ke nuna yadda shari'ar ta ƙare ya adana. Ranar da zai nemi zama ɗan ƙasa fom ɗin zai tambaye shi ko an taɓa kama shi, kuma amsar "e" ce ko da an kori ƙarar. Rufe fayil na jiha bai ɗaure hukumar tarayya ba.

Malam Sani Direba:
Na karanta duka, kuma ina yi wa yaron fatan alheri. Amma ku bar ni in faɗi abin da ke cina. Wannan sashe da kuke ta neman yadda za a sassauta shi, shi ne kaɗai abin da ke kare mu direbobin tasi. Jirgin ƙasa, bas, tasi, duk layi ɗaya aka jera su a dokar. Ka ɗauko mutum daga filin jirgi cikin dare, ka biya kuɗin gada, ka ƙona mai, a zo ƙofar gini ya ce bari in hau in kawo maka. Ka zauna kana kallon ƙofa har ka gaji. Idan hukumar jirgi ta rasa dala 3, ba wanda zai kwana da yunwa. Ni idan na rasa dala 70, cefanen gidana ne.

Tun da aka fara cewa ba za a gurfanar da masu tsallake shinge ba, mutane suka ɗauka rashin biya ba komai ba ne. A 2018 mai gabatar da ƙara na Manhattan, Cyrus Vance, ya daina kai yawancinsu kotu, wanda ya gaje shi, Alvin Bragg, ya zo a 2022 ya ci gaba. Ita kanta hukumar sufuri, wato MTA, ta ce a 2022 ta yi asarar kusan dala miliyan 690 a kan masu ƙin biyan kuɗin jirgi da bas da gada. Wa zai cike giɓin? Mu masu biya.

Abdul'aziz:
Malam Sani, haƙƙinka haƙƙi ne, ba mai musu. Kuma alƙaluman da ka kawo haka suke. Amma ka duba cikin miliyan 690 ɗin: kaso mafi girma, kusan miliyan 315, daga bas ne, inda ba shinge, ba kuma ɗan sanda a ƙofa. Kwamitin MTA da ya fitar da rahoton waɗannan alƙaluman a 2023 bai ce a cika kotu da mutane ba. Ya fi ba da ƙarfi ga canza ƙofofin tasha, da faɗaɗa Fair Fares mai ba masu ƙaramin ƙarfi rabin kuɗi, da yin gargaɗi kafin tara. Shi ya sa daga 2025 a TAB karon farko gargaɗi ne, na biyu dala 100, daga na uku 150.

Ka kuma tuna abin da ya faru a tashar Sutter Avenue a Brooklyn a watan Satumba 2024. Daga bin wanda bai biya kuɗin jirgi ba abin ya kai ga harbi. Mutumin yana riƙe da wuƙa, harsashin 'yan sanda ya samu mutum huɗu, har da ɗan sanda ɗaya da fasinjoji biyu da ba ruwansu. Ni a ganina bashin dala 3 bai cancanci a bi shi ta hanyar da za ta iya kaiwa nan ba.

Naka daban ne. Kai mutum ne guda da aka cuta, akwai wanda za a mayar wa kuɗi. Idan an kama mai guduwa, ka je ofishin mai gabatar da ƙara ka sa hannu a takardar shaida, ka kai rasit na mita, ka ce kana neman a biya ka. Ana iya sa biyan kuɗinka cikin sharaɗin sulhun. Yawancin irin ƙararku suna mutuwa ne saboda direba bai sa hannu ba, don zuwa kotu asarar yinin aiki ce. Doka ta ba gwamnati kwana 90 ta shirya shari'ar laifi mai ajin A, idan ba shaida har lokacin ya cika, sai a kore ta.

Malam Sani Direba:
Ai ka faɗi matsalar da bakinka. In bar aikin dala 200 in je neman 70. Shi ya sa muke haƙura. Amma ban yarda cewa sassaucin bai lalata mutane ba. Ina kan titi tun kafin 2018, na ga bambanci.

Malam Habibu:
Ni ta fuskar addini zan sa baki kaɗan. Wanda ya shiga jirgi ko tasi ya shiga ne a kan sharaɗin zai biya, kuma hadisi ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ba a cewa ai kuɗin hukuma ne ko ai ba Musulmi ba ne masu shi. Haƙƙi ne, kuma yaron ya kamata ya tuba ya mayar da kuɗin ta hanyar da zai iya. Sai dai Alhaji Garba, tuba ga Allah da mayar da haƙƙi ba su wajabta masa ya ɗora wa kansa hukuncin da ya ninka laifin ba. Idan dokar ƙasar da kanta ta buɗe masa hanyar sauƙi, ya bi ta.

Alhaji Garba:
Na ji Malam. Na janye maganar amsa laifi. Amma iyaye su ja kunnen yara, kuma wanda kuɗin mota ke yi wa nauyi ya je ya cika fom ɗin rabin kuɗin nan da Abdul'aziz ya ambata. Tun 2019 ake yinsa, mutanenmu da yawa ba su nema ba.

Maman Ikram:
Tunda an buɗe maganar, mu masu kitso fa? A zauna awa bakwai ana yi wa mace ƙananan kitso, bayanki ya ƙage, a gama ta ce bai yi mata kyau ba, ba za ta biya ba, ko ta ce za ta ciro kuɗi a na'ura ta ɓace. In an kira 'yan sanda wani lokaci su ce wannan rigimar ciniki ce, ku je kotun kuɗi.

Abdul'aziz:
Anti, an ƙara shagon aski da na gyaran gashi a cikin sashen, sai dai a karon farko karya ƙa'ida ne, iyakarsa kwana 15 ko tarar da ba ta wuce dala 250 ba. Abin da kotu ke nema a duk waɗannan shari'o'i shi ne niyya. Wadda ta ce za ta ciro kuɗi ta gudu, niyyarta a fili take, musamman idan kina da kyamara. Wadda ta tsaya tana jayayya a kan kyawun aiki ko a kan farashin da aka yi, ko katinta ya ƙi aiki ta bar lambar waya, da wuya a kira ta ɓarauniya, shi ya sa 'yan sanda ke janye jiki. Masu gidan abinci da otal doka ta ɗan fi sauƙaƙa musu, don ta ce wanda ya ƙi biya ana ɗauka da niyya ya yi, sai in ya kawo abin da zai warware hakan.

Irin wannan zaton yana nan a kan mitar wuta da gas, kuma wannan ya shafi duk mai haya. Idan aka samu an karkatar da wuta ta bayan mita, kotu za ta iya ɗauka mai amfani da wutar ya sani. Wanda ya karɓi shago ko ɗakin ƙasa ya tarar da waya ta zagaye mita, ko mai gida ya ce masa "wuta kyauta ce" ba tare da bayani ba, ya bincika tun kafin ya tare.

Nura:
Ni ina arewacin jihar, kusa da Buffalo, kuma ina so a sani cewa abin da Anti Zainab ta bayyana na cikin birni ne. A nan ƙananan garuruwa kotunan gari da na ƙauye ne ke sauraron irin wannan, sun kai kusan 1,200 a faɗin jihar. Alƙalansu zaɓensu ake yi, da yawansu ba lauyoyi ba ne, wasu kotunan ma da yamma suke zama sau ɗaya a mako. Dokar ɗaya ce, ACD ma akwai, amma kowace gunduma da nata mai gabatar da ƙara da nasa ra'ayi. Abin da Manhattan ta yafe, wani wurin ba a yafe shi. Tafintan Hausa kuma sai an nema tun da wuri, galibi ta waya ko bidiyo. Masu tuƙa manyan motoci da ɗaliban da ke zuwa nan su kiyaye, takardar ƙaramin gari tana da ƙarfin ta birni, kuma warantinta yana bin mutum har Bronx.

Zainab Tafinta:
Gaskiya ne Nura. Ko cikin birnin ma masu gabatar da ƙara biyar ne, kowace gunduma da nata, kuma manufa tana canzawa idan an yi zaɓe. Kada kowa ya dogara da "an ce yanzu ba a kai wa kotu".

Akwai kuma waɗanda suka shigo ba ta hanyar biza ba, har da masu jiran mafaka a cikinsu. Su lamarinsu ya fi na ɗan Hajiya tsanani. Dokar Laken Riley da aka sa wa hannu a Janairu 2025 ta ce hukumar shige da fice ta tsare irin waɗannan idan an kama su ko an tuhume su da sata, tun kafin kotu ta ce sun aikata. Duk wanda ke wannan hali aka ba shi takarda mai 165.15, ya nemi lauyan shige da fice a ranar, kada ya jira ranar kotu. Ofisoshin lauyoyin kyauta da na ambata suna da sashen da ke wannan aikin.

Sadiya:
Abin da ke ba ni takaici shi ne, yaro ya ci dala 3 an ɗauki yatsunsa, amma mai gidan abinci ya riƙe wa mai wanke-wanke albashin mako uku, ba wanda ya sa masa ankwa. Shi ma ai aikin mutum ya ci bai biya ba.

Abdul'aziz:
Yaya Sadiya, a takarda an gyara wannan. A Satumba 2023 gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a dokar da ta shigar da cin albashin ma'aikaci cikin laifin sata, har ana iya tara kuɗin ma'aikata da yawa a tuhuma ɗaya ta zama babban laifi. A aikace kuwa ina tare da ke, mai tsallake shinge a gaban ɗan sanda yake yi, mai cin albashi a cikin littafinsa, sai wani ya kai ƙara kafin a duba. Ma'aikatar ƙwadago ta jiha tana karɓar ƙorafin albashi ko mutum yana da takardun zama ko ba shi da su.

Maman Ikram:
To ita kotun kuɗin da ake tura mu, yaya ake shiga? Sai da lauya?

Abdul'aziz:
Ba sai da lauya ba Anti. Kotun ƙananan basussuka ce, a cikin birni tana karɓar ƙara har ta dala 10,000. Kuɗin shigarwa dala 15 ne idan abin da kike bi bai wuce 1,000 ba, dala 20 idan ya wuce. Sharaɗin shi ne ki san cikakken sunan wadda kike ƙara da adireshinta, don can za a aika sammaci. Saboda haka ki riƙa rubuta suna da lamba lokacin da aka kama layi, ki tura farashin ta saƙon waya ta amsa kafin ki taɓa kanta, ki kuma karɓi kafin alƙalami.

Malam Sani Direba:
Wannan ya yi wa masu shago. Mu wanda ya tare mu a bakin titi ba mu san sunansa ba balle adireshi. Zan sa kyamara mai ɗaukar kujerar baya, in kuma an kama wani a kaina nan gaba zan daure in je in sa hannun. Abdul'aziz, idan an kira ni daga ofishin mai gabatar da ƙara, dole sai na je da kaina ko ana iya turo takardar?

Abdul'aziz:
Ka tambaye su tun a kiran farko, Malam. Sau da yawa suna turo ta ta imel ka sa hannu ka mayar, sai idan shari'ar ta kai ga sauraron shaidu ne za a buƙaci ka zo da kanka. Ka ajiye rasit ɗin tafiyar da bidiyon a wani wuri daban, don yawancin kyamarorin mota suna goge tsohon hoto da kansu idan katin ya cika.